Na je Yankari da kyamarar fim ta mahaifina, hotunan sun fito a koɗe: laifin wa?

"Assalamu alaikum. Bayan rasuwar mahaifina na tsinci kyamararsa a cikin akwati, Pentax K1000, da gilashi guda mai rubutun 50mm, da fim uku da ba a buɗe ba. A watan Janairu muka je Yankari da abokai, na ƙarar da biyu daga ciki. Da aka wanko sai na ga giwayen sun zama kamar ƙudaje can nesa, launi duk ya koɗe kamar an watsa toka, wasu kuma da jan zane kamar harshen wuta a gefe. Abokina da ya ɗauka da waya, nasa sun fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Kyamarar ce ta lalace, ko mai wanki ne ya cuce ni, ko kuwa fim ne bai dace da hoton namun daji ba in haƙura?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Kada ka sayar da kyamarar nan, kada kuma ka je ka yi wa mai wanki hayaniya tukuna. In na fahimce ka, abu uku ne ke damunka, ka haɗa su a kwano ɗaya: ƙanƙantar dabbobin, koɗewar launi, da jan zanen nan. Kowanne da mafarinsa daban. A cikin ukun, ɗaya kaɗai nake zargin kyamarar da shi, shi ma gyaran awa guda ne a kan tabarma.

Abin da Baba ya bar maka ba abin rainawa ba ne. An yi ta ƙera K1000 daga 1976 har 1997, kuma da ita aka koya wa ɗalibai masu yawa ɗaukar hoto a duniya, don ba ta yi wa mutum komai da kanta. Labulenta, wato abin da ke buɗewa ya rufe don haske ya taɓa fim, da ƙarafa zalla yake aiki, daga daƙiƙa ɗaya zuwa 1/1000, ko babu batir. Ɗan batirin nan irin na agogo, LR44, allurar awon haske kawai yake motsawa. Ba ta da makunni, murfin gilashi ne ke kashe awon, saboda haka in ka bar ta a buɗe cikin haske batirin zai zuƙe. Ni ma da irinta na yi shekaru ina yawo kafin in sauya, kuma har gobe tana cikin jakata.

Fara da nagatif, ba da hoton takarda ba

Ban ga hotunanka ba, don haka abin da zan faɗa hasashe ne na wanda ya sha ɓata fim. Amma kana da shaidar da ba ta ƙarya a hannunka, in dai mai wankin ya ba ka ita: nagatif, wato dogon fim ɗin nan mai ruwan lemo da aka yanyanka. Hoton takarda ko wanda aka turo maka a waya, ra'ayin na'ura ne a kan nagatif ɗin. In ba a ba ka ba, koma ka karɓa, naka ne.

Ka ɗaga shi a taga da rana, ka dubi gefensa inda ramukan nan suke. Za ka ga sunan fim da lambobi, 1, 2, 3, har 36. Waɗannan tun a masana'anta aka buga su da haske, ba su bi ta cikin kyamararka ba, ruwan wanki ne kawai ke fito da su. To, in lambobin sun fito raɗau amma hotunan da ke tsakiya sun yi shara-shara, kusan kana hango hannunka ta ciki, haske ne bai ishe su ba, kuma wannan daga wajenka ne. In lambobin su ma sun yi fayau, da ƙyar ake karanta su, ruwan wankin ne ya gaji ko bai yi zafin da ya kamata ba. Nan kana da bakin magana da mai wanki, cikin ladabi. In kuwa fim ɗin gaba ɗaya, har wuraren da ya kamata su zama garau tsakanin hoto da hoto, ya yi duhu-duhu kamar gilashin da hayaƙi ya turare, tsufa da zafi ne suka cinye shi tun kafin ka sa shi a kyamara.

Wannan na ƙarshen nake kyautata zaton ya same ka. Fim abu ne mai lalacewa kamar magani, yana da ranar ƙarewa a jikin kwalinsa. Wanda ya kwana a akwati a ɗakin kwano shekara goma sha ko ashirin, ya ci bazara bayan bazara, ƙarfin jin haskensa ya ragu, launukansa kuma ba tare suke mutuwa ba, wani yana riga wani. Masu sha'awar tsohon fim suna da ƙa'idar da suke bi, su ninka hasken sau ɗaya a kan kowace shekara goma da fim ya wuce wa'adinsa. Ƙa'ida ce ta ƙiyasi, kuma ta fi aiki ga fim ɗin da aka ajiye a sanyi. Na ukun da ya rage maka, ko ka ajiye shi don tunawa da Baba, ko ka yi wasa da shi a tsakar gida. Kada ka sake kai shi inda za ka yi da-na-sani.

Jan zanen kuwa, duba ko ya tsallaka har kan ramukan gefe. In ya tsallaka, haske ne ke satar hanya ta ƙofar baya. Buɗe bayan kyamarar, babu fim a ciki, ka shafa yatsa a wajen maɗaurin ƙofar da cikin siraran kwaroron da ke sama da ƙasa. Akwai baƙin soso da aka liƙa a wurin, bayan shekara talatin yakan narke ya zama kamar kwalta, ya manne a yatsa. Hasken da ya shigo ta nan ta bayan fim yake ratsowa, shi ya sa yake fitowa ja ko ruwan lemo. A kankare shi da tsinken sakace da ɗan sifirit, a liƙa sabon soso siriri, a cikin kwaroron kuma a tura baƙin zaren ulu. Kafin ka sami yin haka, baƙin salatif a zagaye ƙofar bayan ka sa fim ya wadatar. Ba kyan gani, amma yana aiki.

Tun da muna kan loda fim, bari in ba ka labarin wautata. Wata shekara a bakin kogin Gaji da ke cikin Yankari, da hantsi, garken giwaye ya ratso gabanmu, uwa da 'ya'ya, ƙura na tashi rana na ratsa ta. Na yi ta dannawa ina murza hannun da ke jan fim gaba, zuciyata fal. Sai na ga lamba ta kai 36, na murza ta tafi, na sake murzawa ta tafi, ba ta cije ba. Nan jikina ya yi sanyi. Bakin fim ɗin bai kama ba tun a masauki, duk abin da na ɗauka a kan iska na ɗauka. Tun daga ranar, in na sa fim, sai na ɗan juya mariƙin hagu, mai naɗe fim baya, har ya yi tauri, sannan in murza hannun dama ina kallon na hagun. In yana juyawa, fim na tafiya. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: duk kyamarar da ta daɗe a ajiye, a gwada ta da sabon fim guda a gida, a wanke a gani, kafin a kai ta daji.

Me ya sa giwa ta koma ƙuda

Wannan lissafi ne kawai. Faɗin hoto guda a kan fim milimita 36 ne, tsayinsa 24. Girman dabba a kan fim kuwa shi ne girmanta na gaske, a ninka da tsawon gilashi (lambar nan ta jikinsa, kamar 50mm), a raba da nisan da ke tsakaninku. Ɗauki giwa mai tsayin mita 3 tana nesa da kai da mita 60. Da gilashin 50mm, za ta fito milimita 2.5, wato kashi ɗaya cikin goma na tsayin hoton. Da 200mm za ta kai milimita 10. Da 300mm, 15, ta fi rabi. Belbela kuwa, da ba ta wuce rabin mita ba, a nisan mita 20 da gilashinka milimita ɗaya da 'yan kai za ta ci. Idonka ne ya yaudare ka. In mutum ya ga giwa a karon farko, ita kaɗai yake gani, ta cika masa duniya. Gilashi ba ya jin wannan tsoron, abin da ke gabansa duka yake kwasa, har da sararin sama da busasshiyar ciyawa.

Abokinka ya ja hoton da yatsa biyu, wayar ta cike gurbin da lissafinta, ta ƙara kaifi da launi, kuma a kan ƙaramin allo kake gani. A buga shi da girman takardar kalanda sai ka ga giwar ta zama kamar zanen fenti. Ban ce wannan don in kushe waya ba, ni ma ina ɗauka da ita.

Sa'ar da ka yi ita ce bakin K1000 ya karɓi gilasai masu tarin yawa, na Pentax da na wasu kamfanoni, kuma na hannu ba su da tsada kamar na zamani. Da ni ne, 200mm f/4 zan fara nema (f/4 ɗin nan girman ƙofar hasken gilashi ne, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa). Ba shi da nauyi, yana da kaifi, hannu na iya riƙe shi. Akwai 300mm f/4, amma nauyinsa na sa mutum ya riƙa barinsa a gida. Akwai masu madubi a ciki, 500mm f/8, gajeru marasa nauyi, sai dai ƙofar haskensu ɗaya ce ba ta sauyawa, kuma cikin kyamarar yakan yi duhu har ɗan da'irar saitin nan ta tsakiya ta daina taimako. Abin ninka tsawo sau biyu da ake ɗaurawa a bayan gilashi yana cinye kashi uku cikin huɗu na hasken, ban cika son sa ba. In za ka sayi na hannu, buɗe ƙofarsa duka ka haska tocila ta ciki. In ka ga zare-zare kamar yanar gizo-gizo, fumfuna ce ta damina, ajiye musu kayansu.

Dogon gilashi kuma da nasa sharaɗin, yana ƙara girman rawar hannu kamar yadda yake ƙara girman dabba. Tsohuwar ƙa'ida ita ce kada saurin labule ya gaza lambar gilashin: 200mm yana son 1/250 ko sama. A cikin mota ni 1/500 nake nema. Ka roƙi direba ya kashe inji, don kaɗawar inji tana bi ta ƙarfen mota ta shiga hoto ba ka sani ba. Abin dogarawa mai ƙafa uku ba shi da amfani a cikin mota. Abin da ya fi shi, ka sa tela ya ɗinka maka 'yar jaka ta yadin kaki, ka zuba mudu guda na gero ko wake, kada ta cika tam, ka ɗora a bakin taga ka kwantar da gilashin a kai.

Amma gilashin 50mm ɗin nan ma kada ka raina shi. Ka daina neman fuskar giwa da shi, ka nemi giwa a cikin dajinta: garke a ƙarƙashin manyan itatuwan bakin Gaji, sawunta a cikin laka, itacen da ta ɓare wa ɓawo. A masaukin Wikki da ke cikin Yankari gogon biri da mugun dawa har gindin ɗaki suke zuwa, sun ishi 50mm. Sai dai ka rataya kyamarar a wuya, kada ka riƙe leda a ɗaya hannun, don birran can sun san leda sarai.

Haske, hazo, da allurar da ke ruɗuwa

Tafiyarka ta faɗo a Janairu, tsakiyar hunturu. Ƙurar da ke cikin iska tana watsa haske, kuma gwargwadon nisan abu gwargwadon ƙurar da ke tsakaninku. Abin da ke mita goma zai fito da launinsa, na mita ɗari sai ya yi fari-fari. Babu gilashin tacewa da zai share ƙura daga iska. Dogon gilashi ma ba ya rage ta, kusanto maka da hazon kawai yake yi. Da tsakar rana kuma ga kawalwainiya, iskar da ke tashi daga ƙasa mai zafi tana karkaɗa hoto, ko gilashin miliyan nawa ne.

Sai allurar awo. Ita a wurinta duk duniya ruwan toka ce, matsakaiciya, tana haɗa duk hasken da ke cikin hoto ta raba. In farin sararin hunturu ya ci kashi biyu cikin uku na hoton, sai ta ce haske ya yi yawa, ka rage. Ka bi ta ka rage, giwa kuwa baƙa-baƙa ce, ƙila ma a inuwa take, sai ta tashi ba ta sami komai ba. Da aka zo bugawa, na'ura ta ga nagatif shara-shara, ta yi ƙoƙarin haskaka shi, baƙi ya koma toka-toka, tsakin fim ya fito kamar yashi. Haɗa wannan da tsohon fim da hazo, ka ga tokar da ka ce an watsa.

Maganin ba wuya. Kafin ka ɗauka, sunkuyar da kyamarar ta kalli ƙasa ko ciyawar da ke cikin haske iri ɗaya da dabbar, babu sama a ciki, ka daidaita allura a nan, sannan ka ɗago ka ɗauka, ko da allurar ta yi sama kada ka kula ta. Na biyu, fim mai launi na nagatif yana jure yawan haske ƙwarai, ƙarancinsa ne ba ya yafewa. Ni in na sa mai lamba 400, wato lambar ƙarfin jin hasken fim da ke jikin kwalinsa, a kan 200 nake saita kyamarar don haske ya ninku, a wanke shi yadda aka saba. Wannan dabarar ban da fim ɗin silaid, wanda hotonsa ke fitowa kai tsaye ba nagatif ba, irin su Velvia ko Ektachrome, su kuskure kaɗan ke ƙona su, kuma ruwan wankinsu daban ne. Bar su sai hannunka ya faɗa.

Ranar da batir ya mutu kuma, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. In rana ta fito tar, inuwa na da kaifi, sa ƙofar haske a 16, saurin labule kuma lambar da ta fi kusa da ta fim. Da fim 400, 1/500 ke nan a f/16, ko 1/1000 a f/11. In hazo ya rufe rana, inuwa ta yi laushi, buɗe zuwa 11 ko 8. A inuwar itatuwan kurmi, 5.6 ko 4. Ka ga dalilin da nake cewa ka ɗauki fim 400, irin su Kodak UltraMax ko Portra, ko Ilford HP5 da Tri-X in baƙi da fari kake so. Da rana tsaka ya yi yawa, amma da rana tsaka dabba ma tana kwance a inuwa. Lokacin da take fitowa, da sassafe da bayan la'asar sakaliya, hasken kaɗan ne. A ƙasarmu kuma rana ba ta jan ƙafa, tana fitowa sai ta miƙe, jan hasken nan mai daɗi bai fi awa guda ba. Wanda ya tsaya shan shayi ya rasa shi.

Batun wata kuwa, ciniki ne. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ruwan daji ya ƙafe, ciyawa ta kwanta, su gwanki da ɓauna da gwambaza da giwa dole su gangaro Gaji, amma zafi kamar ya kashe mutum. Bayan ruwan farko iska ta wanku, launi ya fito, sai dai ciyawa ta tashi, dabbobi sun bazu. In dabba kake nema, je ka da bazara. Ka guji baƙar riga da shuɗiya, ƙudan tsando su yake bi.

Zafin nan abokin gaban fim ne, musamman wanda aka riga aka ɗauka ba a wanke ba. Kada ka bar shi a aljihun gaban mota. A gida firji ya fi, cikin robarsa a rufe, in ka fitar ka bar shi awa guda ko biyu ya huce kafin ka buɗe, don kada raɓa ta kwanta masa. Inda wuta ba ta zama, ni a gwangwani mai murfi nake zubawa in ajiye a gindin randa. A tafiya, kula marar ƙanƙara, a naɗe da tawul. In ta jirgi za a kawo maka, a sa shi a jakar hannu a roƙi a duba da hannu, don sababbin na'urorin binciken kaya masu ƙarfi suna iya ɓata shi a wucewa ɗaya. Kuma kada ka sauya fim ko gilashi a buɗaɗɗiyar mota tana tafiya. Ƙwayar yashi ɗaya a bayan kyamara za ta ja layi tun daga hoto na farko har na ƙarshe.

Matsowa ta fi gilashi

Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe. Maharbanmu sun daɗe da sanin abin da masu kyamara suka koya daga baya. Wanda ya ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya sunkuya yana sara ƙasa kamar tsuntsun har ya shiga cikin garken barewa, ya warware matsalar nisa ba da gilashi ba. Mai kaɗa 'yar jakar toka ya ga inda iska ta nufa, shi ma haka. A Ingila wajen shekarar 1900, 'yan'uwa biyu, Richard da Cherry Kearton, sai da suka sa aka yi musu sa na bogi da fatar sa ta gaske, cikinsa rami, mutum ya shiga da kyamara ya leƙo ta ƙirji, don tsuntsaye su saki jiki. Dabara ɗaya ce da ta burtu.

A Yankari ba za ka yi wannan ba. Ba a sauka daga mota sai mai rakiya ya ce, kuma giwa mai ɗa ba abar wasa ba ce. In ta buɗe kunnuwa ta ɗaga kai tana kallonku, hoto ya ƙare. Can abin da za ka iya shi ne ka roƙi a tsaya a wuri guda kusa da ruwa a jira, maimakon a yi ta zagaye. Amma a wajen tsuntsaye dabarar tana aiki sosai, kuma nan ne ya kamata ka yi karatunka, kusa da gida, inda kuskure ba ya cin kuɗin mota.

Akwai wata fadama a yankin Nguru da na yi kwanaki ina zuwa. Wani masunci ya taya ni kafa zana uku a bakin ruwa, muka huda ɗaya daidai gilashi, muka bar ta kwana uku ba wanda ya je. Ran na huɗu bayan sallar asuba muka shiga mu biyu, shi ya fito ya tafi yana waƙarsa, tsuntsaye suka ɗauka kowa ya tafi. Na zauna a kan turmi a kife, sauro na cin ƙafata, ba halin in mare shi. Gari na wayewa kirinjijiya suka sauka da fito-fitonsu, kusa har ina jin ƙarar ruwa a bakinsu. Wani zalɓe ya tsaya cik, wuya a lanƙwashe, kusan rabin awa bai motsa ba. Tun kafin su zo na riga na saita gilashi a kan wani ganyen bado, don da hannu ake saitin K1000, in ka jira sai tsuntsu ya zo ka makara. Awa huɗu na yi, hoto bakwai na ɗauka, biyu suka yi kyau. Ƙarar labulen ta kore su sau ɗaya, daga baya suka saba.

Fadamun Hadejia da Nguru, har da Dagona a Yobe, da hunturu suna cika da agwagin ruwa da wasu tsuntsaye da ke tsallako Sahara daga Turai. In ba ka kai can ba, belbela na bin shanu a bayan garinku, shirwa na shawagi a mahauta, shamuwa kuma da ta iso gab da damina a kan kuka da tsamiyar cikin gari take sheƙa, ta saba da mutane. In ana maganar babbar dabba mai sauƙin ɗauka, raƙuman dawan Kure ne a Nijar, kimanin kilomita 60 daga Yamai, waɗanda suka ragu zuwa 49 a 1996 kafin a farfaɗo da su su haura 600. Cikin gonakin mutane suke kiwo, ko 135mm ya ishe su. Sai dai tun harin da aka kai wurin a 2020, ba a zuwa sai an tambayi halin hanya, kuma wannan shawarar ta shafi kowane daji yanzu.

Sheƙa kuwa a bar ta. Uwar da aka kora daga kan ƙwai cikin ranar Afrilu, kafin ta dawo ƙwan ya dahu. Tsuntsun ma yana ramawa: Eric Hosking, fitaccen mai hoton tsuntsaye na Ingila, mujiya ce ta cire masa ido ɗaya a 1937 a kusa da sheƙarta.

Wanki, da inda fim ke gazawa

Shagunan wanki sun ragu, waɗanda suka rage kuma aiki ba ya zuwar musu kamar da. Ruwan wankin launi yana son a yi ta aiki da shi ana sabunta shi, in ya kwana biyu a zaune sai ya mutu. Kafin ka ba kowa fim ɗin tafiya, ba shi na gwaji, ka karanta lambobin gefe kamar yadda na faɗa. Ka tambaye shi sau nawa yake kunna injin a mako.

Kana iya yi da kanka, ba ya bukatar ɗaki mai duhu, baƙar jakar sa hannu da ɗan tulun wanki sun isa. Abin mamaki, wankin launi da ake kira C-41 a zafin digiri 38 ake yin sa, ga mu kuwa faɗuwa ta zo daidai da zama. Baƙi da fari ne ke son digiri 20, ruwan famfonmu kuma da bazara ya haura 30, sai an sa ƙanƙara, ko a yi da asuba da ruwan randa a rage lokaci bisa jadawalin da kamfanin ya bayar. Kada lokacin ya gaza minti biyar, in ba haka ba wankin zai yi dabbare-dabbare. Kuma da hunturu a banɗaki ake shanya fim, bayan an watsa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta.

Gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba: in burinka tsuntsu a sama yana fiffike, ko zaki a guje, kyamarar zamani ta fi K1000, ba ma kusa ba. Hotunan mujallun da kake gani na zamanin fim, masu su ɗaruruwan fim suke ƙonawa a aiki ɗaya, su yi makonni a daji, a zaɓi goma sha. Kai kana da hoto 36, kuma farashinsu dala yake bi. In ka sami biyu ko uku da za ka rataya a bango daga fim guda, ka yi abin kai. Ni yanzu duka biyun nake ɗauka, na zamani don abin da ke gudu, fim don abin da zai tsaya ya jira ni.

Ka riƙe ɗan littafi a aljihu, kowane hoto ka rubuta lambarsa da saurin labule da ƙofar haske da lokaci, don fim ba ya ajiye maka wannan, kuma kafin a wanko ka manta. Sannan ka ɗauki nagatif ɗin Yankarin nan, ka manna shi a gilashin taga da farar takarda a bayansa, ka ɗauke shi da waya yadda ramukan gefe da lambobin za su fito, ka turo min. Da na gani zan faɗa maka nawa ne laifin akwati, nawa ne na allura, nawa ne na mai wanki.